Ga ƙanena mai shirin zuwa Thuwal karatun SERS

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin kimiyyar sinadarai a Zariya, kana neman gurbi a KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha da ke nan Thuwal a Saudiyya, kuma a tsarin bincikenka ka rubuta cewa tsayin tsinin da na'urar Raman (mai haska sinadari da leza ta zana tsini-tsinin hasken da ya warwatsu) ke zanawa shi zai nuna maka yawan sinadari, ko da molekul ɗaya ce tak. Cire wannan jimlar tun kafin farfesa ya gani.

A Raman na yau da kullum maganarka tana kan hanya. SERS kuwa, wato Raman ɗin da ake ƙara wa siginarsa ƙarfi da fuskar ƙarfe, ya dogara ne da ƙananan ƙwayoyin azurfa ko zinare. Inda biyu suka kusa taɓa juna, tazarar nanomita 1 ko 2, nan hasken leza ke tattaruwa. In ƙarfin filin lantarki ya ninku sau 10, sigina kan ninku kusan sau 10,000. Molekul ɗaya da ta faɗa wannan lungu sai ta danne dubban da ke gefe, kamar ladani a bakin lasifika da jama'ar da ke sahun baya. Tsayin tsini mazauninta yake gaya maka.

Har tsini da tsini ma ba su da tabbas. A rinin Rhodamine 6G, tsinin da ke lamba 612 da na 1650 a ma'aunin na'urar kan sauya girma gwargwadon yadda molekul ta kwanta a kan ƙarfen, da kuma launin hasken da ƙwayoyin suka fi ƙarfafawa. Wani lokaci siginar ta ɗauke, ta dawo. Ba na'ura ce ta lalace ba.

Nie da Emory, da rukunin Kneipp, su ne masanan da suka fara ba da rahoton ganin molekul guda da SERS a 1997. Hujjar da ta fi gamsar da ni ta zo a 2006 daga Le Ru da Etchegoin: a haɗa rini biyu, a ɗauki awo da yawa, in wani awon ya nuna ɗaya kaɗai, to an kusa tabbatar da cewa molekul guda aka gani. Saboda haka ka dage da ilimin ƙididdiga da yaren kwamfuta na Python tun kana gida, don da su za ka ci abinci a nan.

Batun kuɗi, wanda KAUST ta ɗauka tana ɗauke masa kuɗin makaranta da masauki, ga alawus duk wata. Da Turanci ake karatu. Jidda na kudu da mu, tafiyar kusan awa ɗaya a mota, Umra kuma ba wuya. Gyara tsarin ka turo min in duba kafin ka aika.