Amsa ga mai ingarman da ya ƙage bayan kilisa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Ka ce kun fita kilisa da yamma, da gari ya waye ka tarar ingarman ya ƙage, yana jan ƙafar baya, kuma in ka ɗora hannu a gadon bayansa sai ya lanƙwashe ya kwantar da kunne. Wani ya ce ka gasa shi da ruwan zafi ka murza man zafi, in bai saki ba a yi masa lalas, kai kuma damuwarka ko zai miƙe kafin hawan Sallah. Don girman Allah kada ka bari kowa ya matso da ƙarfen wuta kusa da dabbar nan. Ni an yi wa nawa, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Amma fara da wannan tukuna. Je ka tsaya a turke har ya yi fitsari ka ga kalarsa. In ya fito ja-ja ko baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta, tsokar cinya da ta ɗuwawu ta yi tauri, yana zufa yana haki alhali a tsaye yake, to wannan ya wuce tausa. Tsokar ce ke lalacewa daga ciki, abin da ke fita daga gare ta ya bi jini ya sauka a ƙoda, shi ke rina fitsarin. Yana yawan kama dokin da aka ɗaure kwana da kwanaki ana ɗura masa gero da dusa ba a motsa shi, rana ɗaya a zo a zabure shi, wato irin kiwon da yawancinmu muke yi a cikin gari. In haka ne kada ka ja shi ko nan da ƙofar gida, kada ka murza, ka janye hatsi ka bar masa ciyawa da ruwa mai yawa, ka kira likitan dabbobi yau ɗin nan. Kuma kada wani ya caka masa allurar kashe zafi irin su fenilbutazon alhali jikinsa ba ruwa, ƙodar take ƙarasawa.

Nawa dokin akawal ne, na raine shi tun yana duƙushi. Wani ya biyo ta hannun mutumin da ba na iya haɗa ido da shi in ce a'a, yana neman aronsa, wai ƙaninsa zai yi hawan angwanci. Na bayar bisa sharaɗi: zagi zai riƙe, ba sukuwa, ba kwalta. Sai bayan isha'i suka dawo da shi cikin duhu, suka ɗaure a turke suka sulale ko sallama babu. Da asuba na haska fitila, sai ga jijiyar bayan ƙwaurin ƙafar gaba ta kumbura ta turo waje, zafi rau, inda sirdi ya zauna kuma fata ta saɓule. Yana tsaye a kan ƙafa uku yana kallona. Kafin azahar bidiyo ya iso wayata, ƙarti biyu a kansa, suna sheƙa sukuwa a kan kwalta suna fizgar linzami yana tirjewa, abokai na ihu suna ɗauka. Da na yi magana ka san abin da yayan angon ya ce? Wai ai doki ne, don hawa aka yi shi.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura. Wai don ya wanke kansa, sai ya faki idona ina kasuwa, ya kawo wani mai magani, suka tsorata yaron da ke kula min da barga, suka kayar da dokin suka zana masa ƙarfe a kan jijiyar. Na dawo na tarar da warin ƙonannen gashi tun daga soro. Dabba na rawar jiki, ya ƙi ko kallon harawa. Ciwo ɗaya ya zama biyu, ga jijiya ga miki, ƙuda suka samu wurin zama, sai da likita ya yi masa allurar tetanus muka shiga wankin ciwo safe da yamma. Mutumin nan ko kuɗin auduga bai bayar ba, kuma har gobe in mun haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu yana tambayar ya doki. Na bar shi da Allah. Masu lalas za su nuna maka dawakin da suka warke bayan wuta, amma ka lura, dokin da aka ƙona dole a bar shi ya huta wata da watanni, hutun ne ya yi aikin.

To in fitsarin garau yake, sai ka nemo inda ciwon yake. A ja maka shi da sassarfa a ƙasa mai tauri, ka tsaya a baya ka kalli ƙugunsa, ɓangaren da ke ciwo ya fi hawa da sauka. Na ƙafar gaba kuwa kai yake ɗagawa duk sanda mai ciwon ta taka. Shafa ƙafafun biyu ka gwada ɗuminsu. Ka ɗaga kofaton ma ka duba, don sau da yawa muna can muna murza cinya alhali ƙusa ce ko ruwan ciwo a cikin kofato, kuma titunanmu ba abin da babu a kai.

Sabon ciwo sanyi yake so. Kwana 2 zuwa 3 na farko, ruwan sanyi ko ƙanƙara a wurin na minti 20, sau 3 ko 4 a rana. Sanyi ke takure hanyoyin jini ya hana kumburi yaɗuwa, zafi kuwa buɗe su yake, shi ya sa wanda ya gasa sabon ciwo yake wayar gari ya ga ƙafa ta ninka. Kada ka yaudari kanka da ruwan tanki, a zafin Kano da rana shi ma ɗumi ne. Sayi ƙanƙarar bulo ka farfasa a bokiti, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, kada ka manna ta kai tsaye a fata. In ba hali, ruwan rijiya na sassafe ya fi babu.

Sai zafin wurin ya sauka sannan gashi zai shigo. Tawul a ruwan da hannunka zai iya jurewa, minti 15 zuwa 20, daga nan tausa. Da tafin hannu ake yi, kana bin kwanciyar gashi, daga inda wuya ya haɗu da baya ka gangara zuwa ƙugu, gefe da gefen ƙashin baya, ba a kan ƙashin ba. Fara a hankali. In ya sauke kai yana lumshe ido yana taune-taune, yana jin daɗi. In ya kwantar da kunne yana kaɗa jela, ɗaga hannunka, kuma ka tsaya a gefe don kada ya harbe ka. Man kaɗanya kaɗan ya isa. Man zafin nan in ka shafa ka ɗaure da bandeji ko ka ɗora sirdi a kai, fata zai tasa. Jijiyar da ta kumbura kuma ba a murza ta sam.

Wani abu da na koya a wurin masu kula da dawakin folo, har sai da na yi dariya da farko, shi ne miƙa da karas. Ka tsaya a gefensa da karas a hannu, ka ja hankalinsa ya lanƙwaso wuya zuwa haƙarƙari, sannan zuwa kwiɓi, sannan ƙasa tsakanin ƙafafun gaba, ya riƙe 'yan daƙiƙoƙi kafin ka sakar masa. Kamar sau 5 kowane ɓangare, bayan ya ɗan taka jiki ya yi ɗumi. An auna da na'ura an ga tsokar da ke riƙe ƙashin baya tana ƙaruwa bayan wata 3 ana yi. Karas dai ga shi nan a kasuwar Yankaba. Su 'yan folo suna maganar na'urorin lesa da na girgiza tsoka da kuma sa doki iyo, duk suna da wurinsu, amma ba wanda zai yi maka aikin tafiya a hannu. Ragama kawai, ba mahayi, minti 5 zuwa 10 a ƙasa mai laushi da sassafe, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako in ɗingishi bai dawo ba. Tsokar da ta ja takan saki cikin makonni. Jijiya kuwa wata 9 zuwa shekara take ci, kuma ba a sanin zurfin yagewarta sai an yi mata hoton asibiti, ko da zai kai ka asibitin koyarwa na dabbobi da ke Zariya.

Ka duba sirdinka ma, tunda ka ce baya yake lanƙwasawa. Muna shiga kasuwar Kurmi mu zaɓi sirdi saboda ado, ba wanda ke tambayar ko katakon ya dace da bayan dokinsa. Ɗora shi ba shimfiɗa, yatsu 2 zuwa 3 su shige tsakanin gabansa da ƙashin da ke inda wuya ya haɗu da baya. Farin gashi a inda sirdi ke zama tabon tsohon matsi ne. Kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada kaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dabbar, wato doki mai kilo 350 kilo 70 ne nasa, har da sirdi da jalala da kai kanka. Mun yi ta murna da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama hawan Kano a Disambar 2024, amma je ka leƙa barguna bayan Sallah ka ga bayan dawakin da suka ɗauko mana wannan suna.

Batun hawa kuwa, ni dai ban goyi baya ba. Hawan Sallah, Daushe, Nassarawa, sannan Ɗorayi ko Fanisau, kwanaki a jere cikin rana da kaya, lafiyayye ma yana jin jiki. Za a ce maka a yi masa allura ya daina ɗingishi ka hau. Zai daina kam, don ba ya jin ciwon, ya yi ta taka abin da ya yage har ya ƙarasa. Ka nemi aron wani a wurin abokin da ya yarda da kai, ko ka yi kallo bana.

Ka ɗauko mana bidiyonsa daga baya yana sassarfa, in dai fitsarin garau ne, ka kuma faɗa mana wa ya hau shi ranar kilisar, kai ne ko yara ka ba.