Filin Tambaya da Amsa: Wai dole ne mai gidan haya ya sa mana na'urar gano hayaƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce, muna haya a Tudun Wada nan Gusau, ɗaki biyu da falo. Yayana da ke aiki Ingila ya aiko mana da wata 'yar na'ura fara wai in hayaƙi ya tashi sai ta dinga ƙara, kuma ya ce ai mai gidan haya ne ma ya kamata ya sa ta don doka ce. Da maigidana ya yi ma mai gidan magana sai ya ce shi bai san wanga zance ba kuma kar a kuskura a huda mai silin. To Malam da gaske akwai dokar? Kuma ina ya kamata mu sa ta, don ni kullum sai na kunna turaren wuta kar ta dame mu da ihu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya saka ma yayanki da alheri don tsarabar da ya aiko ba ƙarama ba ce.

Maganarshi gaskiya ce amma dokar can ce. A Ingila tun watan Oktoba na 2015 doka ta wajabta ma duk mai ba da hayar gida ya sa aƙalla na'ura ɗaya a kowane hawa da mutane ke zama, kuma ya tabbatar tana aiki ranar da ɗan haya zai tare, a 2022 aka ƙara cewa in ɗan haya ya kai ƙorafi ta lalace to sai ya gyara ko ya canza, wanda ya yi kunnen ƙashi ana iya cin shi tara har fam 5,000. Faransa ma tun Maris na 2015 kowane gida sai da ita. Amma dokar Ingila ba ta aiki a Gusau, don haka kar maigidanki ya je yana ma mutum barazana da ita, abin zai koma rigima ne kawai. Mu nan akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 da ya taɓo kariya daga gobara, sai dai inda 'yan kwana-kwana suka fi sa ido shi ne otal da gidajen mai da kasuwanni da manyan gine-gine, ba a saba ganin ana bin gidajen haya ɗaya bayan ɗaya ana duba silin ba. Abin da ke ɗaure mai gida da ɗan haya kai tsaye shi ne yarjejeniyar da suka sa ma hannu, to in an zo sabunta haya ku nemi a rubuta maganar a ciki.

Ni dai shawarata kar ku jira kowa. Mu 'yan Zamfara ba mu manta da gobarar makarantar allo ta Ƙauran Namoda ba a Fabrairun 2025, da dare ta tashi, yara 17 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wutar dare ba harshenta ne ke fara kai mutum ƙasa ba, hayaƙi ne, kuma mai barci ba ya jin ƙauri balle ya farka, ga katifun soso da kujerun falo da muke cika ɗaki da su in suka kama hayaƙinsu guba ne, kafin mutum ya gane me ke faruwa jiki ya riga ya mutu. Amfanin na'urar nan kenan, ta tashe ki tun kina da ƙarfin ɗaukar yara ki fita.

Batun huda silin kuwa abu ne mai sauƙi, 'yan ƙananan sukurori biyu ne ke riƙe ta, kuma akwai wadda ake mannawa ba sai an huda komai ba. A lallaɓa dattijon a nuna mai cewa gidanshi ake karewa.

Wajen sawa, hayaƙi sama yake yi don haka silin ne muhallinta, a tsakiya, a ba da tazarar kamar santimita 30 daga bango da ƙwan fitila, kuma kar ta kusanci fanka don iska na kore hayaƙin. Tunda guda ɗaya gare ku a sa ta a lungun da ke tsakanin ɗakunan kwana da falo inda kowa zai ji. Ban da kicin da bayi, ta yi nesa da risho ko gas da kamar mita 3. Turaren wuta kam zai iya tayar da ita in kika tsaya da kasko daidai ƙarƙashinta, ki turara cikin ɗaki ki ja ƙofa ko ki buɗe taga, wasu ma suna da maɓallin da ake dannawa su yi shiru na 'yan mintuna. Abin da nake roƙonki da girman Allah shi ne kar ki cire batir don ta ba ki haushi, nan ne yawancin mutane ke yin asara, a cire yau da niyyar a mayar gobe shi kenan an manta.

Sai kulawa, wadda ita ce ta fi ba mu wahala a ƙasarmu saboda ƙura. Irin wadda aka fi samu yanzu wani ɗan haske ne a cikinta, in hayaƙi ya shiga sai ya warwatsa hasken ita kuma ta fasa ƙara, to ƙurar hunturu ma haka take mata, shi ya sa lokacin buji ki dinga share ramukan jikinta da busasshen burushi mai laushi, ba ruwa ba fenti. Duk wata ki danna maɓallin gwaji ki ji ta yi ƙara. In kika ji tana ɗan yin ƙyat jefi-jefi batir ne ya yi sanyi a canza, mai cin batir ɗin bolt 9 ana canza mata duk shekara, akwai kuma mai batir a rufe da ke kai shekara 10. Ki juya bayanta ki duba ranar da aka ƙera ta, in ta cika shekara 10 a sayi sabuwa ko da tana ƙara.

Ki kuma sani ba ta jin gubar janareta ko ta garwashin gawayi da ake shiga da shi ɗaki lokacin sanyi, wannan iskar ba launi ba wari, na'urarta daban ce, don haka janareta waje, kaskon jin ɗumi ma a fitar kafin a kwanta. Sannan gidajenmu duk bagla ce a tagogi ga ƙofar ƙarfe, to makulli ya zama yana da wuri ɗaya kusa da ƙofa wanda kowa ya sani har yara, ku kuma ajiye lambar 'yan kwana-kwana na jiha a waya tare da 112 ta kiran gaggawa.