Dabinon ado ya sunkuyar da kai, ruwa mai wari na tsattsafowa daga jikinsa

Mai tambaya kan abin da ke damun dabinonsa na ado, alamomin da ka lissafa na sunkuyar da kai da ruwa mai wari sun fi kama da ɓarnar jan ƙwaron dabino, ɗan asalin kudancin Asiya da ya addabi gonakin Saudiyya, ya shiga Masar a 1992. Tunda ka ce daga waje aka kawo dashen, zargin ya ƙara ƙarfi.

Macen na saka ƙwai wajen 200 zuwa 300 a raunin bishiya, tsutsotsin su yi wata ɗaya zuwa uku suna cin cikinta. Duba gindin rassa: ramuka, tattaunannen zare, ko ƙarar ci idan ka kara kunne.

Fesa magani a ganye asarar kuɗi ce, ba ya kai wa tsutsa. Yawan yanke rassa ma kuskure ne, warin sabon yanka ke janyo ƙwaron. In ka yanke reshe, shafa maganin ƙwari nan take. Tarkon ƙamshi mai janyo ƙwaron kuma a nesa da bishiya ake ajiye shi.

Idan tsakiyar kan ta ruɓe, sai sarewa, a daddatsa a ƙone. Yi wa bishiyar allurar maganin ƙwari na imidacloprid aikin malamin gona ne, kuma ka sanar da hukumar NAQS mai hana shigowar ƙwari da cututtukan gona Najeriya.