Tambayoyinku kan cajin motar lantarki a gida

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tambayar da ta fi zuwa min ita ce ta motar lantarki, kuma kusan kowa farashin motar yake tambaya, ƙalilan ne suke tambayar inda za su yi mata caji, alhali nan ne gizo ke saƙar. Wannan makon na ɗauko guda huɗu da suka shafi caji a gida.

Wani bawan Allah daga Kano ya rubuto: “Ina shirin sayen BYD ƙarama, daga gida zuwa shago da kai yara makaranta bai wuce kilomita 40 nake yi a rana ba. Zan iya jona ta a soket ɗin bango kawai ko sai na sayi wata caja ta daban?”

Malam, za ka iya, kuma ga irin zirga-zirgarka soket ɗin ma ya ishe ka in har wayoyin gidanka lafiyayyu ne. Bari mu yi lissafin tare. Ƙaramar motar lantarki tana cin wajen yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100, ka ga kenan kilomita 40 ɗinka yunit 7 ne ko ƙasa da haka. Cajar da ke zuwa a but ɗin motar yawanci amfiya 10 take ja, wato kilowat 2.3 a wutarmu, toh awa uku zuwa huɗu ka mayar da abin da ka ƙona a wunin. Mutane suna tsorata ne in suka ji ana cewa cajin soket yana cin kwana guda cur, gaskiya ne amma fa daga sifili zuwa cikawa ake nufi, batirin yunit 60 zai kai awa 26 ko fiye, kai kuma ba kullum za ka dawo gida da batir a ƙarƙaf ba, ɗan abin da ya ragu kawai kake cikewa.

Inda nake so ka nutsu shi ne soket ɗin kansa. Dutsen guga ko hita minti goma ne ko ashirin an kashe, ita kuwa mota awa huɗu, biyar, takwas za ta yi tana jan wuta ba hutawa, kuma soket ɗin da yawancin gidajenmu ke da shi ba a yi shi don wannan ba, ballantana in mai aikin wutar ya saka siririyar waya don ya rage kuɗi. Na taɓa gani da idona a gidan wani abokina, ya jona motarsa da irin doguwar wayar nan mai baki huɗu da ake cajin waya da ita, ya ratso da ita ta tagar falo, sati biyu kacal robar bakin ta koma ruwan ƙasa, ƙafa ɗaya ta filogin ta yi baƙi ta narke ta manne, falon kuma sai warin ƙonanniyar roba, Allah ne kawai ya tsare don a kan kafet take. Don Allah kar ka yi haka ko na dare ɗaya ne.

Ka nemi ƙwararren mai aikin wuta ya ja maka layi na musamman tun daga akwatin rarraba wuta har inda kake ajiye motar, da wayar jan ƙarfe ta gaske, da birekarsa shi kaɗai, da na'urar nan da ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ƙarfe. Sannan ya duba wayar ƙasa, wadda suke kira atin, don gidaje da yawa ramin atin ɗin soket ɗin hoto ne, ba abin da aka jona a bayansa. Cajoji da yawa in ba su ga atin ba ƙin aiki suke yi, su kunna jar fitila, sai ka ji mutum yana cewa an sayar masa da caja mara kyau alhali gidansa ne ke da laifi. Ranar farko bayan awa ɗaya ka taɓa filogin, ɗumi kaɗan ba komai, in ya yi zafin da ba ka iya riƙewa ka cire ka kira mai aikin.

Wata Hajiya daga Abuja ta ce: “Mai sayar min da motar ya dage sai na haɗa da cajar bango mai kilowat 22, wai ita ce mai sauri. Kuɗinta da yawa. Ta cancanta?”

Hajiya, kafin ki biya ki tambaye shi abu ɗaya, kilowat nawa motar kanta take iya karɓa daga wutar gida? Don ainihin cajar a cikin motar take, akwatin bangon nan miƙa wuta kawai yake yi. Tsofaffin Nissan Leaf alal misali kilowat 6.6 ne iyakarsu, ƙananan motocin Chana da yawa ma wajen 7 ne, ko kin kafa mai 22 abin da motar za ta sha kenan ba ƙari. Sannan mai 11 da mai 22 sai gidan da aka ja wa layi uku, in layi ɗaya ne a gidanki 7 ce ƙarshe. Ni a ganina mai kilowat 7 ta wadatar, tana cika batirin yunit 60 a awa tara ko makamancin haka, wato dare ɗaya. Amma amfiya 32 take ja, ba wasa ba ce, sai waya mai kauri aƙalla mili 6, kuma a duba ko mitarki za ta ɗauka in an haɗa da esi biyu da hitar wanka da famfon borehol a lokaci guda. In da hali ki zaɓi wadda ake iya rage mata ƙarfi, ranar da wutar ta zo ba ƙarfi sai ki sauke ta.

Kuma ki leƙa bakin cajin motar kafin ki sayi komai. Wadda aka yi don kasuwar Chana bakinta GB/T ne, ta Turai Type 2, tsofaffin na Amurka da Japan Type 1, ba sa shiga juna. Akwai mahaɗi da ake sayarwa amma ba wurin neman araha ba ne, gara tun farko ki sayi cajar da ta dace da bakin motarki.

Wani ɗan'uwa daga Kaduna: “Unguwarmu wuta ba ta wuce awa shida zuwa takwas a rana, wani lokacin ma sai tsakar dare. Ina da janareta da ƙaramar sola. Motar lantarki za ta yi min?”

Ɗan'uwa, awa shida in da ƙarfinta ta isa mai tafiyar cikin gari, musamman da cajar kilowat 7, awa ɗaya da ita kusan kilomita 40 ce. Ka bar motar a jone ka kwanta, yawancinsu in an kawo wuta da kansu suke ci gaba, amma ka gwada taka ka tabbatar, kuma ka sa a ɗora maka abin kariya daga wutar da ke zuwa da ƙarfi fiye da kima, ka san halin tiransifomominmu. Abin da zan tambaye ka shi ne, in tiransifomarku ta lalace sati biyu ko layin ƙasa ya faɗi, ina za ka? In ba ka da amsa, ba ka da wata motar, ba wurin caji kusa da kai, to ni dai ba zan ce ka saya yanzu ba.

Janareta kuwa ka ɗauke shi na ranar larura kawai. Ƙaramin janaretan fetur da ƙyar yake ba da yunit biyu a lita ɗaya, kilomita 100 kenan za ta ci maka lita takwas ko fiye, daidai abin da motar fetur ke sha, ga ƙara ga hayaƙi, me aka yi kenan? Kwatanta da wutar mita: ko a Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, da aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, a wancan farashin kilomita 100 wajen naira dubu huɗu ce, kai kuma ka ninka lita takwas da farashin mai na yau ka ga bambancin.

Sola tana yi amma da rana. Fanel mai wat 550 a ranar arewa yana ba da yunit biyu da rabi zuwa uku a wuni, toh ƙarin fanel huɗu zai ɗauke maka kilomita 40, ka ƙara ɗaya ko biyu saboda ƙurar hunturu da hadarin damina, kuma inbata ta zama ta kai ta ɗauki motar da kayan gida tare. Matsalar ita ce da rana motar tana wurin aiki. In ka ce da dare za ka ja daga batirin gida, ka tuna batirin gida na litiyam da aka saba gani yunit 5 ne, na motar 40 zuwa 60, awa biyu za ta shanye shi tas ku kwana ba fanka. In kai mai shago ne ko motar tana wuni a gida wasu ranaku, shikenan sola ta yi maka.

Ta ƙarshe gajeriya ce: “In cika ta ɗari bisa ɗari kullum?”

Ya danganta da irin batirin. In LFP ne, wato batirin litiyam marar nikel, irin na yawancin BYD, ba laifi, ana ma so a riƙa cika shi lokaci-lokaci don ma'aunin ya daidaita. In ɗayan nau'in ne mai nikel, ka tsayar a 80 don amfanin yau da kullum, ka cika sai in tafiya ta kama, littafin motar zai gaya maka wanne ne naka. Abin da ya fi cutar da batir a ƙasarmu zafi ne, kar ka cika ta maƙil ka bar ta kwana da kwanaki a tsakar gida cikin ranar Afrilu, ka yi mata rumfa ko ta kwano ce, ita ma cajar bangon a kafa ta a inuwa inda ruwan indararo ba zai riƙa zuba a kanta ba, kuma a ɗaga ta inda hannun yara ba ya kaiwa.