Ƙanena, kada hoton gidan tarihi ya ruɗe ka

Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digiri a Jami'ar Ɗanfodiyo, ka ga hotona a Facebook ni kaɗai gaban zanen Mona Lisa, ka tabbata mun warke, don haka in nema maka hanyar Faransa. Kai da sauran yaran gida duk wannan hoton kuke kawo mani shaida, to bari ka ji yadda aka ɗauke shi.

Gidan tarihi na Louvre da ke birnin Faris, inda zanen yake, ya karɓi baƙi miliyan 9.6 a 2019. Korona ta sa aka rufe shi a Maris 2020, aka buɗe ran 6 ga Yuli, aka sake garƙame shi ƙarshen Oktoba har 19 ga Mayun 2021. Baƙin 2020 ba su wuce miliyan 2.7 ba. A tsakankanin nan na shiga, da takunkumi a fuska, da tikitin da aka yanka wa sa'a ta intanet. Ba gata ya ba ni fili ba, annoba ce ta kori jama'a. Kuma ranar aiki ce; na samu sukunin zuwa ne don gidan abincin da nake wanke-wanke ya sallame mu ba ko sannu. Da shekaruna sun kai 26 ma ba zan je ba, don Yuro 17 ne kuɗin shiga a lokacin, ni kuwa takardar zama ta shigar da ni kyauta.

Ita Mona Lisar da ake ta kururutawa, santimita 77 ce da 53, ba ta fi rabin dardumar sallah ba, tana can bayan gilashi. Gumakan tsirara kuwa, ɗan Sakkwato sai dai ya yi ta a'uzubillahi yana wucewa.

Abin da ya tsaya mani a rai yana can wani lungu da aka ware wa kayan Afirka da Asiya. Mutum-mutumi ne na yumɓu daga Nok, kudancin Kaduna, yana zaune ya ɗora haɓa kan gwiwa, ya haura shekara dubu a duniya. Faransa ta sayi irinsu uku hannun wani dillali a Beljiyam, biyu na Nok, ɗaya daga ƙasarmu ta Sakkwato, bayan an fitar da su daga Najeriya ta ɓarauniyar hanya. Sai a 2002 ta yarda cewa na Najeriya ne, amma ta riƙe su a matsayin aro na shekara 25. Na daɗe tsaye gabansa, numfashina yana turara tabarau, babu ko mutum ɗaya da zan juya in ce wa wannan namu ne. Kai da kake ɗokin Louvre, ka taɓa leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke nan kusa da kai?

Bayan haka aka koma kulle. Fita sayen burodi sai da takardar izini, in babu tarar Yuro 135. A Janairun 2021 dokar hana fita ta koma ƙarfe 6 na yamma. Abincin Yuro 1 da gwamnati ta ware wa ɗalibai shi ya riƙe mu, kuma na bi layin karɓar taimakon abinci cikin sanyi, ni da gidanmu ba a taɓa rasa tuwon baƙo ba. Ana cikin haka ake bugo waya daga gida, a turo kuɗin ragon suna. Na gama karatuna duk da haka, alhamdu lillahi, ba da kobon kowa ba.

In ka nace, ta Campus France ake bi, wato hukumar Faransa mai kula da ɗaliban ƙetare, ba ta hannuna ba, kuma ba ta hannun ejan ba. Kuɗin digiri na biyu da aka sanya wa baƙi a 2019 Yuro 3,770 ne a shekara, kodayake a lokacin wasu jami'o'in suna yafe mafi yawansa. A lokacina ana neman shaidar Yuro 615 duk wata, wanda a Faris hayar ɗaki kaɗai na iya cinye shi. Aiki kuma ba a yarda ɗalibi ya wuce sa'a 964 a shekara ba. Ka fara koyon Faransanci tun yanzu, ga 'yan Ƙonni nan cike da kasuwa. In ka iya rubuto mani saƙo da shi, sai mu yi maganar takardu. Ka gaida Inna.