Amsa ga ɗan'uwan da ke son sayen Weber na hannu a Haraj

Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce ka ga murhun gashin nama na gas, Weber Genesis mai bakin wuta uku, wani bature da zai yi khuruj niha'i, wato barin Saudiyya gaba ɗaya, ya saka a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, riyal 900, kai kuma ka duba sabonsa ya haura dubu biyar, shin ka saya ko akwai lauje cikin naɗi. Naga wasu sunce maka kawai ka ɗauka garaɓasa ce, wasu sunce gas baya gasa nama. Ni dai aikina kenan, gyaran kuka da murhu nakeyi a nan Jidda kuma ina gashi a istiraha, wato gidajen shaƙatawa da ake haya, in an samu biki ko suna, irin waɗannan sun bi ta hannuna da yawa, toh bari in faɗa maka abinda na sani.

Kuɗin da ya faɗa bai bani tsoro ba. Wanda zai bar ƙasar gaba ɗaya ga jirgi ya matso ga gida zai miƙa wa mai shi, wallahi kayan dubu biyar zai iya sakinsa a haka don kawai a ɗauke masa nauyi, musamman turawan kampawun da ma'aikatan kamfanoni, kuma lokacin da suka fi tashi shine daga watan 6 zuwa na 8 in an rufe makarantun yaransu, lokacin kuma zafi ya hana kowa tunanin gashi. Duk mai neman irin wannan kaya lokacinsa kenan, in sanyi ya shigo ko layya ta matso zakaga kuɗin ya tashi. Don haka arahar ba ita bace matsala, matsalar itace me zaka ƙara kashewa bayan ka kawo shi gida, don kayan gyaran Weber a ƙasar nan ba arha ba, wani ma sai an yi odarsa daga waje an jira.

Abu na farko tun kafin ka ƙona fetur zuwa wajensa, kace ya ɗauko maka hoton takardar da aka manna a jikin murhun, galibi tana cikin kabad ɗin ƙasa ko a bayansa, akwai lambar siriyal da nau'in gas ɗin da yake ci da ƙarfin da yake so. Nan ne ake yanka mutane ba tare da mai sayarwa ma ya yi niyya ba. A Amurka murhun nan iri biyu ne, akwai na tukunya akwai na gas ɗin bututu da ake ja zuwa gidaje, wanda zakaga an rubuta NG ko Natural Gas. Mu nan gidajenmu dabba, wato tukunyar gas, muke amfani da ita ko tanki, na bututun nan bamu dashi. Na NG ramukan da gas ke fita sun fi faɗi saboda gas ɗinsu bai kai namu ƙarfi ba, in ka jona shi da dabbar Gasco, kamfanin gas na nan, wuta zata tashi ja tana lasar murfi tana baƙin hayaƙi, haɗari ne sosai. An taɓa kawo min wani irinsa daga Sharƙiyya, yankin gabashin ƙasar nan, mutumin ya saya da murna, kyakkyawa kamar ba a taɓa kunna shi ba, kuma gaskiya ne ba'a taɓa ba, don wanda ya shigo dashi cikin kayansa ya rasa inda zai jona. Kamfanin Weber kansu basu yarda a juya shi daga wannan gas zuwa wancan ba, basa sayar da kayan juyawar. Akwai masu cewa zasu toshe ramin su sake hudawa, ni dai bana yi, abinda za'a kunna kusa da yara ba wajen gwaji bane. In kaga NG kace masa Allah ya kawo kasuwa, ko kyauta ne.

In na tukunya ne, sai maganar regileta, wato munazzim. Na Amurka kan regiletarsa baya shiga dabbarmu, zare ne irin nasu, kuma yana aiki ne a wajen milibar 28, milibar shine ma'aunin ƙarfin turin gas. Wanda aka yi wa kasuwar Turai zakaga an rubuta 30 ko 37 ko 50. Mu kuma a kasuwa abinda yafi yawa na 22 ne da na 50 da na 90. Ka saka masa 22 wuta ta yi sanyi kayi ta jiran nama yana zubar da ruwa, ka saka 90 ta yi yawa ta cinye maka bututun wuta. Dole a nemo wanda yayi daidai da lambar da ke jikin takardar ko mafi kusa da ita, kuma dan Allah kada wani ya ɗaura maka irin regiletar nan mai murɗawa ta manyan tukwanen shinkafar kabsa da mandi, wannan ƙarfinta ya wuce na murhun nesa ba kusa ba. In a nan ƙasar mai shi ya saya daga wakili to an hutar da kai, da ma an haɗa shi da abinda ya dace. Sannan dabbarmu mai kilo 11 ta fi tasu tsawo, sau da yawa bata shiga kabad ɗin, sai dai ta tsaya a gefe a ƙasa, wannan ba komai bane.

Toh in ka je. Kada kyallin murfi ya ɗauke maka hankali, kowa yana goge murfi kafin ya ɗauki hoto. Ka tafi da tocila da ɗan maganaɗisu da ruwan sabulu a gora, kuma in da hali ka tafi da dabbarka don kada ace maka gas ya ƙare. Ka cire ragar, ka cire ƙarafunan nan masu kamar rufin kwano da ke kan wuta waɗanda suke kira Flavorizer, ka leƙa cikin kwandon wutar kansa. A Weber wannan kwandon alminiyom ne na zubi, baya tsatsa, shi yasa zakaga na shekara goma sha yana aiki, amma in an taɓa yin gobarar kitse a ciki yana iya lanƙwashewa ko ya tsage ko ma ya huje. Ka rufe murfin ka gani ya zauna daidai ko gefe ɗaya ya ɗaga. Kwandon nan shine murhun, in ya lafiya sauran duk ana canzawa, in ya tafi to ƙarfe kawai ka saya. Baƙin abinda zakaga yana ɓarewa a cikin murfi kamar fenti kada ya tsorata ka, kitse ne da hayaƙi suka daskare, buroshi ke cire shi, kuma in mai shi bai sani ba kaga ka samu abin ciniki.

Daga nan sai ka durƙusa ka duba ƙasa. Mu mutanen Jidda wannan shine ciwonmu, raɓa da gishirin teku. Ƙafafun da firam ɗin da faifan ƙasan kabad ƙarfe ne mai fenti, kuma daga ciki tsatsa ke cinsu. Wanda ya zauna a shaleh, wato gidan hutu na bakin teku, a Abhur shekara biyu uku, sama kamar sabo, ka danna ƙasan da yatsa ya burma. Ka girgiza shi ka ji, ka duba inda tayoyi suka haɗu da ƙafa, ka duba inda kwandon ya zauna kan firam. Na Riyad ko Ƙasim sun fi lafiya ta wannan fannin, su ƙura ce da rana ke busar da roba da tiyo. Firam mai ɗan tsatsa a sama ana kankarewa a fesa fenti mai jure zafi, mai walda ma zai iya ƙara ƙarfe a wuri ɗaya, amma in ya ci ko'ina ka haƙura. Maganaɗisun kuma don sitenles ne, mai kyau da ake ce wa 304 baya kama shi sosai, mai araha 430 yana manne masa kuma shi ne ke saurin yin tabo a iskar teku. Ba wai in ya kama shikenan kaya ya lalace ba, ko manyan kamfanoni suna saka shi a ƙofofi da gefe, amma dai kasan me kake biya.

Sai kunnawa. Murfi a buɗe koyaushe kafin ka kunna, wannan kada ka yarda da kowa yace ba komai, gas na taruwa a ciki ya tashi da fuskar mutum. Ka shafa ruwan sabulun a tiyo da bakin regileta da duk wata mahaɗa, ka buɗe dabba, in kaga kumfa na hurowa yana yoyo. Tiyo da regileta ni ko lafiyarsu lau canza su nakeyi, ba tsada. Ka kunna baki ɗaya bayan ɗaya ka kalli wutar ba tare da Flavorizer ba, shuɗiya ake so daga farkon bututu har ƙarshe, ɗan ja a saman harshe ba laifi. In wani wuri babu wuta ramuka ne suka toshe, in ja ce duka ko kaji tana huci ta wajen makunnin, galibi gizo-gizo ne ko zanzaro ya yi gida a cikin bututun, wankewa ne kawai. Amma in bututun ya tsage ko ramukan sun haɗe sun zama baki ɗaya sai sabo. Makunnan su murɗu da laushi, wuta ta ragu ta ƙaru, in ɗaya ya ƙage wannan babban aiki ne don bawul ɗin a jere suke kan bututu ɗaya. Maɓallin tartsatsi in bai yi ba kar ka damu, yawanci batir ne. Sai ka maida komai ka rufe murfi duka wuta a sama, cikin minti 10 zuwa 15 ya kamata agogon zafin da ke jikin murfi ya kai digiri 260 na Celsius ko sama da haka. In ya tsaya a 150 yana nishi akwai magana, ko regileta ko bututu.

Yanzu kayi lissafi a tsaye a wajen. Raga, Flavorizer, bututun wuta uku, tiyo da regileta, rigar rufewa, sai kuɗin dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, da zai ɗauko don abin ya haura kilo 60 kuma baya shiga but ɗin Camry. Ka buɗe waya ka duba kuɗin kowanne da lambar samfurin, ba da ka ba, don Genesis kala-kala ne, tun 1985 suke yinsa kuma na kowane zamani girman kayansa daban, na da ma makunnansa a gefe suke, na baya-bayan nan a gaba. In duk ukun manyan nan sai an canza, zaka iya tarar da ka ninka kuɗin da ka saya. Ko a hakan in kwando da firam lafiya ni a ganina ya fi sabon mai araha na kanti wanda shekara biyu gindinsa ke zubewa, amma dai ka shiga da idonka a buɗe. Kuma kar ya sayar maka da maganar garanti na shekara 10, garantin nasu na wanda ya fara saya ne, baya bin kaya zuwa hannu na biyu. Arbun kuma, wato kafin alƙalami, kada ka tura ko riyal ɗaya kafin ka gani da idonka, masu saka hoton kayan wasu suna karɓar kafin alƙalami sun yi yawa.

Akwai abinda ba wanda ya taɓo a amsoshin nan. In da murhun ya shigo daga ƙasarsu, baka san me aka gasa a kai ba. Ka tambaye shi kai tsaye cikin mutunci, yawancinsu zasu faɗa maka gaskiya. Ni abinda nakeyi, in kwashe komai in wanke da ruwan zafi da sabulu har tiren kitse na ƙasa, in ƙona shi da wuta mai ƙarfi, ragar kuwa in ta baƙin ƙarfe ce mai shan mai sai in canza ta don hankali ya kwanta. Hukuncin tsarkinsa kuma malamai na cikin gurup ɗin nan su suka fi ni.

Masu cewa gas baya gashi kuma, akwai gaskiya rabi. In tsire kake nufi irin namu, wanda a nan ake ce wa siriye, da har Larabawan Makka ke layi a kai, wannan garwashi yake so, a jera tsinke a gefen wuta ana juyawa ana shafa mai, ƙamshin nan gas bazai baka ba, kuma yajin ƙuli-ƙuli in ya zuba kan ƙarafunan ƙonewa yake ya yi ɗaci. Amma kaza, haƙarƙarin rago, balangu mai kauri, kifin da ka ɗauko daga kasuwar kifi ta Bangala, nan kam sai ka gode Allah. Ka kunna gefe biyu ka kashe na tsakiya, ka aje cinyar rago a inda babu wuta ka rufe murfi, ta dahu har ƙashi bata ƙone ba, kai kuma kana zaune da baƙinka ba fifita ba toka. Ranar layya da nama ya yi yawa a nan ne zaka san amfaninsa. Gas ma ba ya ci kamar yadda ake tsoro, in ka buɗe duka ukun har ƙarshe bai kai kilo ɗaya a awa ba, dabba ɗaya zata yi maka wajen awa 13, kuma ba wanda ke gashi a haka tun daga farko har ƙarshe.

Sai dai baka faɗa mana inda zaka aje shi ba. In shaƙƙa kake, wato fulat a bene, ba hosh, wato tsakar gida, ba, kar ka saka shi a baranda ko ƙarƙashin bene balle cikin kicin, iskar da yake fitarwa tana kisa ba wari ba launi. Rufin sama ma sai da yardar mai gida, nesa da tankin ruwa da injin AC, dabbar kuma a inuwa, in an gama a rufe ta daga kanta. In kuma don fita barr, wato shaƙatawa a sahara, kake so lokacin sanyi to Genesis ba naka bane, ƙaramin su Weber Q zaka nema, shi ne ke shiga mota.

Ni da nine zan fara masa da 600, mutumin da jirgi ke jiransa bazai ja da nisa ba, in ya haɗa da riga da dabba ka iya kaiwa 800. Ka turo hoton takardar da na cikin kwandon da na ƙasan kabad nan gurup mu gani tukuna, in kuma a Jidda kayan yake ka min magana ta gefe, ranar Juma'a bayan la'asar bana aiki sai mu je tare da dabbata.