Kafin Ka Yi Wa Bayan Gidanka Feshi

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fatan iyali lafiya. Ka ce ruwa ya sauka, filin bayan gidanka ya cika da ciyawa, ka sayo maganin feshi, sai mahaifiyarka ta ce a gidanmu ba a yi wa bayan gida ƙarƙaf. Kana tambaya ko camfi ne, kuma me ya kamata ka shuka.

Ba camfi ba ne, gaskiyarta. Abin da kake kira ciyawa, kusan rabinsa cefane ne. Lokacin da muke noman firi a gandun kakanka, idan fartanyar yaro ta sare tafasa ko lalo sai ya sha faɗa. Ni kaina ban gane dalili ba sai a shekarar fari ta 1973, da hatsin rumbuna ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa. Kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli ne ya riƙe gidaje da yawa har gero ya nuna. A Nijar ma har ƙwayar ƙarangiya mutane suka riƙa sussukawa suna ci a shekarun yunwa. Wanda ya ga wannan ba zai iya kallon tafasa a matsayin datti ba.

To ka fita da yamma ka tsuguna ka duba. Tafasa ganyenta shida ne a kowane reshe, biyu-biyu suna fuskantar juna, bakinsu a zagaye, kuma da rana ta faɗi sai su rufe kamar an haɗa tafin hannu. Kada ka rikita ta da rai-ɗore, wanda ganyensa ke da tsini, in ka murza kuma wari yake yi. Shi na magani ne, ba na kwaɗo ba. Gasaya ganyenta kamar yatsu biyar, furenta fari, tana da ɗaci, shi ya sa ake tafasa ta a zubar da ruwan farko. Lalo da zaƙi-banza mahaifiyarka za ta nuna maka. Waɗannan ka bar su a gefen kunya. Zaƙami kuwa, mai fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, ka tumɓuke shi yau, guba ne, ga yara a gida.

Abokan gaba na gaske su ne jiji da kiri-kiri da ƙuduji. Jiji in ka sare kansa ka yi aikin banza, don 'ya'yansa na ƙarƙashin ƙasa a jere kamar carbi. Sai ka tono su ka shanya wa rana. Kiri-kiri kowace gaɓa da ka bari sai ta yi saiwa.

Ƙuduji, wanda wasu ke ce wa wuta-wuta, shi ne ya fi ba ni tsoro. Furensa ja-ja ne mai ban sha'awa, amma kafin ya leƙo sama ya riga ya manne a saiwar dawa ko gero ko masara yana tsotsa, shi ya sa za ka ga shuka ta tsumbure alhali ana ruwa. Ƙwayarsa kamar ƙura take, tana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Ka cire shi da hannu kafin ya zubar da iri, ka ƙone, kada ka jefa a juji. Ya fi son ƙasar da ta gaji, don haka taki maganinsa ne, haka ma juya shuka da gyaɗa ko waken suya. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da irin masara mai jure masa, ka tambayi malamin gona na yankinku.

Batun shuka, bayan gida na tukunyar miya ne. Inda ake zubar da toka da kashin awaki ka sa masara da kuɓewa. Yakuwa da rama su zagaye iyaka, kabewa ta hau danga, zogale biyu ko uku a kusurwa inda ruwan alwala ke gangarawa. In ƙasar jigawa ce ka ƙara wake. Maganin feshin nan ka mayar wa mai shago in zai karɓa, ka sayo fartanya mai kyau, ka ɗauko mahaifiyarka ranar Asabar ku zagaya filin tare tana faɗa maka sunayensu.